Dodon yana gidan maƙwabta

A shekarar 1989 aka buga wani littafin ban tsoro a Amurka mai suna The Girl Next Door, wato Yarinyar Maƙwabta. Wanda ya rubuta shi Dallas Mayr ne, amma an fi saninsa da sunan da yake sa wa littattafansa, Jack Ketchum. Ya rasu a 2018. An fassara littafin da Faransanci da sunan Une fille comme les autres, an kuma yi fim ɗinsa a 2007. Babu aljani a ciki, babu maye, babu fatalwa. Mata ɗaya ce da aka ba riƙon marayu biyu, sai ƴaƴanta maza uku, sai yaran unguwa, sai wani ɗaki a ƙarƙashin gida. Duk da haka, ko a cikin masu sha'awar labaran ban tsoro, waɗanda jini da gawa ba su dame su ba, da yawa suna ajiye shi tun ba su kai ƙarshe ba.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Wannan ba littafin yara ba ne, kuma ba zan miƙa shi ga ɗan koleji ko ɗan lise ba. Sai dai ina ganin marubucin ya yi daidai da ya rubuta shi, kuma malamai da iyaye sun fi kowa buƙatar jin abin da ya ƙunsa, ko da ba za su taɓa riƙe shi a hannu ba. Dalilina shi ne littafin bai tsaya kan muguwar matar ba. Ya juya ya tuhumi waɗanda suka gani, suka ji, suka koma gida suka ci abincinsu. Wannan kujera ta mai kallo kuwa ita ce wadda ni da ku muka fi kusa da zama a kai.

Abin da ya faru a Indiyana

Labarin yana da tushe na gaskiya. A watan Yulin 1965, a birnin Indiyanapolis na jihar Indiyana, wani magidanci mai suna Lester Likens ya bar ƴaƴansa mata biyu a hannun wata mata, Gertrude Baniszewski. Shi da matarsa Betty sana'arsu bin wuraren wasanni da bukukuwa ce gari-gari suna sayar da kayan ƙwalama. Babbar yarinyar, Sylvia, shekarunta 16. Ƙaramar, Jenny, shekarunta 15, kuma shan inna ya taɓa mata ƙafa. Aka yi jinga a kan dalar Amurka 20 duk mako. Matar da aka ba amanar tana da ƴaƴa bakwai nata, ba miji a gida, ba isasshiyar lafiya, ba abin hannu. Uban bai san ta ba sai a ƴan kwanakin nan, kuma bai zagaya cikin gidan ya ga inda ƴaƴansa za su kwana ba.

Wajen mako biyu da tafiyar iyayen, kuɗin ya yi jinkiri. A kan wannan aka fara dukan yaran biyu. Daga nan abin ya tattara kan Sylvia ita kaɗai: duka, yunwa, ƙuna, zagi. Matar ta yi ta yaɗa cewa yarinyar ƴar iska ce, alhali ƴarta ta cikinta, Paula, ita ce ke ɗauke da ciki ba aure. Ta sa ƴaƴanta suna dukanta, sannan ta buɗe ƙofa ga yaran unguwa, su taso daga makaranta su biyo su yi nasu. A farkon Oktoba aka hana Sylvia zuwa makaranta, daga baya aka kulle ta a ɗakin ƙasa. Ranar 26 ga Oktoba 1965 ta cika. Likitan da ya duba gawar ya ƙirga raunuka sama da 150. Ba zan lissafa su a nan ba, domin babu abin da lissafin zai ƙara mana.

Abin da ya kamata a lissafa shi ne mutanen da suka zo bakin ƙofa suka juya. Iyayen sun kawo ziyara, ta ƙarshe a ranar 5 ga Oktoba, amma a gaban matar suka ga yaran, yaran kuma ba su iya buɗe baki ba. Maƙwabtan da ke gida na kusa sun ga Sylvia da kumburarren ido, sun ji Paula tana alfahari ita ta yi mata, ba su kai ƙara ba. Yayar yaran da ke aure a cikin garin ta zo ganinsu, aka kore ta. Limamin cocin da iyalin ke zuwa ya shiga gidan, ya saurari ƙorafin matar a kan yarinyar, ya tafi. Wani uba a unguwar ya kira makarantar Sylvia ba tare da faɗin sunansa ba, ya ce akwai yarinya mai gyambuna a gidan nan. Aka turo ma'aikaciyar lafiya. Matar ta ce ai yarinyar ta gudu, ma'aikaciyar ta karɓi zancen, makaranta ta rufe magana, alhali Sylvia tana cikin gidan. A daren ƙarshe wata maƙwabciya ta ji ana ta buga bangon ɗakin ƙasa. Da ƙarar ta ɗauke wajen ƙarfe 3 na dare, sai ta ga babu dalilin kiran ƴan sanda.

A watan Mayun 1966 kotu ta yanke wa Gertrude da Paula ɗaurin rai da rai. Yara maza uku, ɗanta ɗaya da na maƙwabta biyu, aka yanke musu tsakanin shekara 2 zuwa 21, amma ba su cika shekara biyu ba aka sake su. Da aka tambayi yaran unguwa me ya sa suka yi, amsar da ta yi ta maimaituwa ita ce matar ce ta ce su yi. Ita Gertrude an sake ta a 1985, ta mutu a 1990.

Abin da marubucin ya yi da labarin

Ketchum ya sauya sunaye da wuri da shekara. Ya mayar da labarin 1958, a wata unguwa mai natsuwa a jihar New Jersey. Yaran sun zama Meg da Susan, waɗanda iyayensu suka mutu a haɗarin mota. Matar ta zama Ruth, ƴar'uwar iyayensu. Babban abin da ya ƙara shi ne mai ba da labari: David, yaron maƙwabta ɗan shekara 12, abokin ƴaƴan Ruth, wanda yake son Meg a zuciyarsa. Yana ba da labarin ne bayan ya girma, kusan shekara talatin da faruwar abin, aurensa biyu sun mutu, abin bai sake shi ba.

David ba mugu ba ne, kuma nan wahalar karatun take. Yaro ne kamar kowane yaro. Yana sauka ɗakin ƙasa tare da sauran, ya tsaya a gefe yana kallo, yana gaya wa kansa cewa shi dai bai taɓa ta ba. Ya yi yunƙurin gaya wa iyayensa, bakinsa ya kasa. Mai karatu yana makale a cikin idon yaron nan shafi bayan shafi, yana jiran ya yi magana, shi kuwa kullum sai ya ce gobe.

Daga cikin littafin na tsinci abubuwa uku waɗanda duk mai hulɗa da yara ya kamata ya sani, domin sun dace da abin da aka ji a kotun Indiyana.

Na farko, izini. Ruth ita ce matar da yaran unguwa suka fi so. Tana ba su giya, tana hira da su kamar sa'anninta, tana barinsu su yi abin da iyayensu suka hana, a kan sharaɗin kada su faɗa a gida. Kafin a taɓa Meg, yaran sun riga sun saba riƙe sirri da ita. Ranar da ta ce ga wadda za a hukunta, muguntar da ke cikin wasan yara ta samu babba da ya ɗaure mata gindi. Yaro yana da birki biyu, tausayinsa da tsoron manya. In babba ya cire na biyun, na farkon ba kasafai yake tsayar da shi ba a cikin taro.

Na biyu, ɓata suna. Ba a fara da wuta ba. An fara ne da cewa yarinyar tana cin abinci da yawa, tana da girman kai, tana bin maza. Da sunan ya zauna, duk abin da aka yi mata ya zama horo a idon masu kallo. Haka Gertrude ta yi da Sylvia, har ta tilasta mata rubuta wasiƙa cewa ta bi samari ne suka ji mata ciwo.

Na uku, gwajin manya. A cikin littafin Meg ta yi ƙarfin hali ta gaya wa wani ɗan sanda. Ya zo gidan, Ruth ta tarbe shi da magana mai daɗi, ya tafi. Yaran suna kallo. Darasin da suka ɗauka shi ne babu babban da zai zo, in ma ya zo maganar babba zai ɗauka. Daga ranar azabar ta ninka. Ziyarar da ba ta kai ga ganin yaro ba ta fi rashin ziyara haɗari, domin tana nuna wa azzalumi cewa hanya a buɗe take.

Sukar da ake yi wa littafin

Akwai masu cewa wannan cin kasuwa ne da gawar yarinya. Maganarsu tana da nauyi. Lokacin da littafin ya fito, iyayen Sylvia da ƙanwarta Jenny suna raye. Kamfanin da ya fara buga shi ma ya sa masa bango mai hoton ƙwarangwal sanye da kayan ƴan mata masu rawa a filin wasa, kamar wani labarin fatalwa na nishaɗi. Har yau kuma akwai matasa a intanet da ke karanta shi don gasa, a ga wa zai iya jurewa. Mai irin wannan karatu ya koma ɗaya daga cikin yaran ɗakin ƙasa ke nan, kuma shi ya sa na ce ba na yara ba ne.

Amma laifin ɗan kasuwa da na mai karatun banza ba su isa a yanke wa littafi hukunci ba. Abin dubawa shi ne inda marubucin ya tsayar da mai karatu. Da ya so sayar da azaba, da ya ba da labarin a idon Ruth, ko ya zauna yana ƙawata kowane rauni. A wurin da abin ya kai matuƙa, akwai wani babi ɗan gajere inda mai ba da labarin ya ƙi faɗin abin da ya gani, ya bar wurin babu komai. Marubucin da ke neman burge masu son jini ba ya rufe ƙofa a daidai inda suka fi son leƙawa.

Sukar da ni nake da ita daban ce. Littafin ya fi gaskiyar sassauci. A ƙarshe David ya yi yunƙurin kuɓutar da Meg, ko da yake ya makara, sannan ya tunkuɗa Ruth daga kan matakala ta mutu. Mai karatu yana samun ɗan sanyi a nan. A Indiyana kuwa babu David. Babu yaron da ya buɗe ƙofa da dare. Matar ta fita kurkuku da ƙafarta, ƴarta Paula kuma an gano ta a 2012 tana aikin taimaka wa malamai a wata makaranta a jihar Iowa da wani suna daban, aka kore ta saboda ta ɓoye tarihinta. Ƙarshen littafin shi ne wurin da ya fi rauni, domin ya ba mu ramuwar da rayuwa ba ta bayar ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa labarin ƙirƙira, komai ɗacinsa, ba ya maye gurbin sanin abin da ya faru.

Mu ma muna ba da irin labarin

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu ba mu saka zaluncin yara a labari. Kakanninmu sun raine mu da tatsuniyar ƴar bora da ƴar mowa, da marainiyar da kishiyar uwa ke aika wa inda ake zaton ba za ta dawo ba. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da muke karanta wa yara, ta fara ne da ƴan'uwa da suka haɗa kai a kan ƙaraminsu, kuma a cikinsu akwai wanda bai yarda a kashe shi ba, amma bai mayar da shi gida ba. A rubutun zamani, Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Al'umma ba ta taɓa kare yaranta ta hanyar ƙin ambaton abin da ake yi musu ba.

Bambancin shi ne a tatsuniya dodo yana daji ko a bakin rafi, ƴar bora kuma kullum tana dawowa da dukiya ta auri ɗan sarki. Wannan zubin ne ya gangaro cikin yawancin littattafan Hausa da ƴaƴanmu ke karantawa a WhatsApp ko suke saurare a YouTube: babi ashirin ana gana wa ƴar riƙo azaba, wani lokaci har da fyaɗe da aka bayyana dalla-dalla, sannan wani attajiri ya ɓullo ya aure ta. Irin wannan labari ya fi damuna a kan na Ketchum. Yana koya wa yarinya cewa maganin zalunci haƙuri ne har mai mota ya zo, yana koya wa mai karatu cewa maƙwabci ba shi da wani aiki a cikin labarin. Uwar da ta ga ƴarta da irin wannan littafi, maimakon ta ƙwace waya kawai, ta tambaye ta: a cikin labarin nan su wa suka sani? Me suka yi? Ke da kina gidan kusa, wa za ki gaya wa? Hirar minti goma a kan wannan ta fi wa'azin awa ɗaya.

Inda abin ya shafe mu

Abin da Lester Likens ya yi, mu muna yin sa kullum, kuma galibi da kyakkyawar niyya. Riƙo al'ada ce mai albarka. Malamai da likitoci da yawa a ƙasar nan ba su kai inda suke ba sai don wani gida a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya karɓe su lokacin da ƙauyensu ba shi da koleji. Marayu nawa ne gwaggo ko kawu ya raina kamar nasa? Ba na kira a bar riƙo. Amma a cikin al'adar nan akwai yaran da babu mai tambayar lafiyarsu: ƴar aikin da aka kawo daga ƙauye, wadda kuɗin wata ke wucewa ta hannun wata mata zuwa ga uwarta, da ɗalibar da ke gidan mai masauki inda ta zama ita ce mai ɗebo ruwa da wanke-wanke, da almajirin da ubansa bai ga inda yake kwana ba tun da ya kawo shi.

Mun kuma san yadda gari guda ke iya sanin abu ya yi shiru. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan sefa 240.000, ta yi kusan shekara tara a gidan wanda ya saye ta a yankin Ƙonni. Ba a ɓoye take ba. Sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Laifin da kotun ta kama hukuma da shi shi ne ta sani ba ta yi komai ba.

Ga iyaye masu ba da riƙo, abin da labarin Sylvia ke faɗa a fili yake. Ka shiga ka ga inda yaronka zai kwana da abin da ake ci a gidan, ko da gidan ƴar'uwarka ne. In ka kai ziyara, ka fita da yaron ku biyu kaɗai, domin babu yaron da zai kai ƙarar mai riƙonsa a gabansa. Kada ka ce wa kowa ga ta nan, duk abin da ta yi a hukunta ta, ba tare da iyaka ba. In akwai kuɗi a tsakani kuma ka ga za su yi jinkiri, ka kira ka faɗa, domin a gidan da ake fama da babu, fushin bashi kan yaro yake sauka. In kuma aka fara kawo maka labarin cewa ƴarka ta lalace, kafin ka yarda ka je ka ji daga bakinta.

Ga ƴan'uwana malamai, namu ya fi nauyi, domin mu ne manyan da ke ganin yaro kullum ba tare da mai riƙonsa yana tsaye ba. Rajistar kiran suna ba aikin banza ba ce. Yarinyar da ta yi mako ba ta zo lakol ba, aka ce ta koma ƙauye ko ta gudu, kada direkta ya ja layi a kan sunanta sai wani ya gan ta da ido ko ya ji muryarta. Makarantar Sylvia ta tura mutum, amma mutumin ya tsaya a kan maganar matar gida. Sannan yara sun riga mu sani. A Indiyana yaran unguwa da dama sun san abin da ke ɗakin ƙasa tun makonni kafin wani ɗan sanda ya sani. In aji ya laƙa wa wata yarinya mummunan suna, mushe ya bincika daga ina sunan ya fito. Sau da yawa daga gidan da take zaune ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da nake roƙon mu bari, a lakol da makarantar allo baki ɗaya. Ita ce miƙa wa yaro bulala. A ce shugaban aji ya zane masu surutu, ko wanda ya ba da amsa daidai ya mari waɗanda suka kasa, ko gardi ya ji da ƙananan almajirai. Muna ɗaukar wannan ƙaramin abu. To izinin nan ne dai Ruth ta bayar, girmansa ne kawai ya bambanta. Yaron da babba ya nuna wa cewa dukan ɗan'uwansa lada ne, ya koyi abin da zai yi wuya a kankare masa.

Ga maƙwabta, na san abin da ke ɗaure baki. Kunya, da zumunci, da tsoron a ce ka shiga sharo ba shanu. Akwai kuma tsoro na gaskiya, kada ka zargi mutum a kan abin da bai yi ba, ku yi gabar shekaru. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Horo daban, azaba daban, kuma alamun ba su da wuyar ganewa: yaro ɗaya ne kullum ke kuka a gidan da ke da yara da yawa, yana ramewa sauran suna ƙiba, akwai ƙuna ko tabon ɗauri a jikinsa, an daina ganinsa a waje, in ka tambaya kowa da amsar da zai ba ka. Wanda ya ga haka ba sai ya fara da komisariya ba. Ya yi sallama ya shiga, ya ce ina wance, kwana biyu ban gan ta ba, a kira mini ita mu gaisa. In an hana shi ganinta, ya je wa mai unguwa ko liman, su koma tare. In nan ma an toshe, ƴan sanda da jandarmomi da alƙalin yara don wannan aka ajiye su. Addininmu ya jera mana matakan hana ɓarna, ya kuma gaya mana cewa ƙi a zuci kawai shi ne mafi rauninsu. Ya koya mana cewa hana azzalumi zalunci taimakonsa ne. Maƙwabciyar da ka tsayar tun tana kan mari, ka cece ta daga zama mai kisa.

Doka da abin da doka ba ta iyawa

Amurkawa sun ɗauki matakin doka. A 1962 wani likitan yara, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya sa likitoci suka fara gane raunin duka a jikin yara a matsayin abin da ya kamata a kai ƙara a kansa. A ƴan shekarun da suka biyo baya jihohin ƙasar suka kafa dokokin da suka wajabta kai rahoto. A Indiyana yau dokar ta hau kan kowa, malami ko maƙwabci ko mai wucewa: wanda yake da dalilin zargin ana cutar da yaro, ya yi shiru, ya yi laifi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, kuma duk ranar 16 ga Yuni muna bikin ranar yaran Afirka da jawabai da riguna masu rubutu. Ina ganin lokaci ya yi da za a sa wa kowane malami da ma'aikacin lafiya wajibcin kai rahoto a rubuce cikin ƙa'idar aikinsa, a koya masa tun a makarantar horon malamai wa zai kira, a kuma kare shi daga ramuwar iyalin da ya kai ƙara. Kwamitin iyayen yara na kowace makaranta ma yana iya riƙe sunayen ɗaliban da ke zaune a hannun masu riƙo, a riƙa leƙa su. Wannan ba ya cin ko dala.

Sai dai doka ba ta jin kuka ta bayan katanga. Mutum ne ke ji, shi ne kuma ke yanke shawara a cikin daren ko zai tashi ko zai juya ya gyara kwanciya. Amfanin littafi irin na Ketchum shi ne yana sa mutum ya zauna a wannan matsayi tun kafin ranar ta zo, ya ji nauyin shirun David a ƙirjinsa, ya tsani kansa a cikin yaron. Rahoton kotu yana gaya maka abin da wasu suka yi. Labarin da aka rubuta da gaskiya yana tambayarka abin da kai za ka yi, kuma ba ya barinka ka amsa da sauri.

A 2001 aka kafa wa Sylvia Likens dutsen tunawa a wani lambu da ke kusa da unguwar da ta mutu, kuma akwai cibiyar kula da yaran da aka cutar a jihar da ke ɗauke da sunanta. Abu ne mai kyau, amma duk wannan ya zo ne bayan shekara 36. Abin da ta buƙata a watan Oktoban 1965 bai kai haka tsada ba: babba ɗaya da zai ce ba zan tafi ba sai na gan ta. Muna cewa ɗa na kowa ne. In da gaske muke, to yaron da ke kuka a gidan maƙwabta ma namu ne, kuma za a tambaye mu a kansa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mana zuri'a.